Rariya

Daren Talata a Karantina ta Jidda,
esi na tari kamar tsohon mashayin taba,
hannuna ya ci karo da baƙo a nonon hagu.
Bai kai ƙwallon dabino ba.
Ba ya zafi,
rashin zafin ne ya hana ni runtsawa.

Iƙamata ta mutu tun azumin bara,
asibiti kuwa takarda yake dubawa kafin ya dubi mutum.
Na ɗauki waya, na shige bayi, na sa sakata,
da guntun Larabcin da na tsinta a gidajen aiki
na rubuta sunan abin da ya shayar da 'ya'ya huɗu.

Shafi ya fito fes, da tambarin hukuma:
a yi haƙuri, nan a toshe yake.
Na sauya kalma. A toshe.
Na ce ko hoto guda in gani, in gwada da nawa.
A toshe.
Na zauna kan bokiti ina kallon haƙurin da aka ba ni.

Ni ce fa na yi hamdala ran da Lawwali ya ce
a ƙasar nan an sa wa intanet rariya,
gari ya wuce, tsaki ya tsaya.
Na kwashi adashi, riyal ɗari bakwai,
na damƙa wa Uwaisu waya sabuwa dal,
ban tambaye shi me zai kalla ba.
Hukuma na gadi, uwa ta miƙe ƙafa.

Ashe rariya kalma take gani,
ba ta ganin mai hawaye a bayan kalmar.

Da asuba Lawwali ya fita da tankar ruwansa.
Uwaisu na dangwalar ful da tamis,
shekara sha biyar, gashin baki kamar an goga gawayi.
Na ce, wayar nan ta ƙi buɗe mini wani abu.
Ya share hannu a wando,
ya taɓa nan, ya taɓa can, ko kallon kirki bai yi ba,
ya ce, Umma, yanzu kina Holan, buɗe abin da kike so.

Holan!
Ni da ko Ɗa'ifa ban taɓa takawa ba.

Saurin ne ya kaɗa mini hanji.
Yatsun da ba su iya ɗaure ledar shara ba
sun san ɓarauniyar hanya kamar hanyar masallaci.
Tun yaushe?
Dare nawa ya kwana a Holan
ina nan ina jin daɗin shirun ɗakinsa?

Ya ga na gane. Na ga ya gani.
Ya sunkuyar da kai,
idonsa ya sauka kan abin da na rubuta jiya.
Shayin ya huce tsakaninmu.
Asiri biyu a faranti ɗaya,
ba wanda ya iya kai loma.

Shi ya fara magana, murya na karyewa.
Ya karanta mini shafin layi layi,
yana tsallake kalmar, yana cewa "wurin".
An ce kar a jira, Umma.
An ce yawanci ba komai ba ne, amma kar a jira.

Hansai mai ƙosai ta san wata likita a Gulel,
'yar Sudan, ba ta tambayar takarda.
Shi ya raka ni, ya riƙe mini jaka,
ya tsaya a waje cikin gumin teku har azahar.
Jibi za a tsakuri nama a kai gwaji.

Ban karɓe wayarsa ba. Ban gaya wa ubansa ba.
Sai dai daren jiya, na ga haske ƙarƙashin ƙofarsa,
na tsaya, hannuna ɗaya a ƙirji.
Akwai wani ƙwallon a gidan nan,
shi ma ba ya zafi,
shi ma an ce kar a jira.

Na ƙwanƙwasa.